Waya a Bisa Gora

Ranar Alhamis ɗin da Zaharadden ya yi kuskuren nan, babu wata alama da ta gargaɗe shi. Ruwan mashigi kwance yake luf, iska ba ta da ƙarfi, shayinsa ma bai zube ba. Da wani ya ce masa ya kula da abin da zai fito daga bakinsa a ranar, da dariya zai yi, don shi mutum ne da kan wuni bai yi magana da kowa ba sai da wayarsa. To, ta wayar abin ya zo.

Shekara uku ke nan yana kwana yana tashi a cikin jirgin ruwa. Da aka rushe unguwar Karantina, inda ya shafe shekaru yana gyaran fanka a wata 'yar rumfa, sai kafilinsa Abu Mohannad, wanda ya tsaya masa a takardun zama, ya ba shi gadin jirginsa na shaƙatawa, can arewacin Jidda, a wani mashigi da aka haƙo daga teku ya ratsa ta bayan gidajen masu hali. Matarsa Rabi'a da 'yarsu Surayya suka kama ɗaki ɗaya a Ammariyya. Ranar Lahadi kaɗai yake zuwa gida. Sauran kwanakin yana nan, ƙofar gidan da jirgin yake bayansa a kulle, mukulli a hannun mai gida. Hanyar fitarsa ta ruwa ce.

Wanda bai zauna a wurin ba ba zai yarda ba, amma a cikin jirgin nan babu sabis ko ɗigo. Katangun gidajen dogaye ne ta kowane gefe, jirgi yana can ƙasa kamar a cikin rijiya. Ya canja layi har sau uku, duk kanwar ja ce. Rafi'u, wani dattijo ɗan Maraɗi da ke gadin jirgin da ke tsallaken mashigin, shi ya koya masa dabara. A haɗa gora biyu dogaye, a ɗaure su a jikin rufin jirgi, a maƙala zoben ƙarfe a can ƙololuwa, a zura igiya. Sai ka faɗi abin da za ka faɗa cikin saƙon murya, ka sa wayar a leda, ka sa ledar a tsohuwar safa, ka ja ta sama kamar tuta. A can sama takan samu sabis ɗan kaɗan. Saƙonka ya fita, na mutane su shigo. Bayan rubu'in awa ka sauko da ita ka ji abin da duniya take ciki.

Zaharadden ya mai da abin kamar lokacin salla. Sau biyu a rana, bayan asuba da bayan la'asar. Tsakiyar rana ba ya ɗagawa, don ya taɓa gwadawa wayar ta yi zafi ta kashe kanta, ta kwana biyu ba ta farfaɗo ba. Rabi'a ta san lokutan. Surayya ma ta sani, har takan tsokane shi da cewa babanta kaɗai ne a Jidda wayarsa take hawa sama ta bar shi a ƙasa.

Surayya shekararta goma sha huɗu, kuma sikila ce. Nan ne duk fargabar Zaharadden ta taru. Rabi'a umra ta zo shekara goma sha shida da suka wuce ba ta koma ba, ba ta da iƙama, takardar izinin zama, saboda haka yarinyar ma ba ta da takarda. Idan ciwo ya tashi akwai wani ɗan ƙaramin asibiti da ake duba ta, amma shi yake kai ta, da iƙamarsa a aljihu. Tun farkon aurensu ya kafa doka a gidan, cewa ba a fita nesa sai ya ce a fita. Ba don mulki ya yi ba. Ya ga matan da aka tare a hanya, aka wuce da su, 'ya'yansu na gida suna jiran abinci. Rabi'a ba ta taɓa karya dokar nan ba, shi kuma yana alfahari da haka a ransa.

Da asubar ranar ya ɗaga waya ya sauko da ita, ya tarar da saƙo ɗaya daga Rabi'a. Ta ce Surayya ta tashi da ciwon gwiwa, irin wanda ta saba, ta ba ta magani ta gasa mata da ruwan ɗumi. Ta tambaya ko ta nemi Mastura maƙwabciyarsu ta raka su asibitin, ko kuwa a ɗan saurara.

Bai amsa nan take ba. Abu Mohannad zai zo da baƙi bayan magariba, kuma mutum ne da yake shafa yatsa a jikin gilashi ya duba. Zaharadden ya wanke dandamalin jirgi, ya goge kujeru, ya cika firji da ruwa, yana aikin yana juya maganar a ransa. Ciwon gwiwa ne. Sau nawa aka yi shi ya wuce da ruwan ɗumi? Ga shi a satin nan an ta faɗa a zauren tsofaffin 'yan Karantina na waya cewa ana tsayar da motoci ana duba takardu. Sai da hantsi ya ɗaga sosai ya zauna a inuwar rufi, ya danna waya, ya yi magana a natse, da muryar da yake yi idan yana so a san ya gama shawara.

"Ummu Surayya, na ji. Kada ki fita da ita ko'ina. Ko Mastura ta matsa miki, ki ce ni na hana. Ki ci gaba da ba ta ruwa da maganin, zai lafa in Allah ya so. Ki jira ni."

'Yar alamar agogo ta tsaya a gefen saƙon, ma'ana bai fita ba, yana jiran la'asar. Ya ajiye wayar a kan caji ya koma aiki. Bai sake tunanin saƙon ba.

Da ya idar da la'asar ya sa wayar a safa ya ja igiya. Rafi'u yana zaune a bakin jirginsa da ƙafafu a ruwa, yana ɓare gyaɗa. Ya ɗago kai ya tambayi Injiniya, haka yake kiransa, ko yau rezo, wato sabis, zai yi musu mutunci. Zaharadden ya ce ai shi gorarsa ta fi ta Rafi'u tsawo da kamu biyu, in ma za a wulaƙanta wani ba shi ba ne. Rafi'u ya ce tsawon gora ba shi ne ba, shi matansa biyu ne a Maraɗi, duk ranar da rezo ya ƙi zuwa hutu ne a wurinsa, har addu'a yake yi a ɗauke shi wata guda. Suka yi dariya. Hira ta ja su, har wayar ta wuce rubu'in awar da ta saba, ta kusa rabin awa a sama.

Da ya sauko da ita ya ga saƙonni shida daga Rabi'a. Ba ta taɓa wuce biyu ba. Ya shiga inuwa ya fara daga na sama, kamar yadda ya saba.

Na farko na ƙarfe sha ɗaya ne. Ciwon ya bar gwiwa ya koma baya da ƙirji. Na biyu, bayan azahar, jikin yarinyar ya yi zafi rau, ta ƙi shan ruwa. A na uku Rabi'a tana magana da sauri, tana cewa numfashin Surayya ya canja, in ta ja shi sai ta riƙe haƙarƙari, leɓenta kuma ya yi wani iri. Na huɗu muryar Surayya ce da kanta, can ƙasa, rabi Larabci rabi Hausa kamar yadda take yi.

"Baba, sadri. Ƙirjina. Ba na iya... Baba ta'al, ka zo."

Zaharadden ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Na biyar ta turo shi ne minti kaɗan kafin ya ɗaga wayar. Rabi'a ta ce Mastura ta samo mai mota, wani ɗan unguwa da aka yarda da shi, yana ƙofar gida yanzu haka. Ta ce ta san lokacin ɗaga waya ya yi, don Allah ya ce mata e kawai, su tafi.

Sai a nan ya tuna da saƙonsa na safe. Ya duba. Alamar agogo ta ɓace, maki biyu shuɗaye sun maye gurbinta. Ya fita, kuma an saurara. Ya fita ne minti biyu bayan roƙon Rabi'a, ya sauka daidai a ƙarƙashinsa, kamar amsar da ya ba ta bayan ya ji komai.

Ya danna na shida. Gajere ne. Muryarta ta mutu, babu kuka, babu faɗa.

"To, Abu Surayya, na ji. Na sallami mai motar. Muna jiranka."

Bai san lokacin da ya fara magana a wayar ba. Ya ce ba wannan yake nufi ba, maganar safe ce, ta gwiwa ce, bai ji sauran ba. Ya ce ta kira mai motar ya dawo, ta ɗauke ta yanzu, kowane asibiti ne mafi kusa, ko an tambayi takarda ko ba a tambaya ba, yalla, yanzu. Ya cusa wayar a safa ko leda bai sa ba, ya ja igiya da ƙarfi har gorar ta lanƙwasa. Ya tsaya yana kallon safar tana lilo a sama. Ya ƙirga ɗari uku a zuci ya sauko da ita.

Alamar agogo.

Ya sake ɗagawa. Wannan karon ya daure ya bar ta minti goma, yana kai kawo a dandamalin da ya wanke, yana taka shi da ƙafa mai gumi. Daga bayan katangu ya fara jin ƙarar motoci suna shiga gidaje, yara suna ihu a wuraren wanka, wani ya kunna kiɗa. A nan ya tuna abin da ya daɗe da sani. Yammacin Alhamis gidajen nan suke cika, kowa da wayarsa biyu, ɗan sabis ɗin da ke saura a saman gora sai ya ƙare tas, ba ya dawowa sai Asabar. Ya sauko da wayar. Agogon yana nan.

Rafi'u ya daina ɓare gyaɗa tun ɗazu. Ya ɗaga murya ya tambayi lafiya. Zaharadden ya gaya masa a taƙaice, maganar tana sarƙewa. Dattijon ya ja tasa wayar sama a tasa gorar, ya sauko da ita, ya girgiza kai. Sai ya kwance ƙaramin kwalekwalen robansa ya tuƙo zuwa wannan gefen.

"Shigo. Mu je gada, can akwai sabis."

Zaharadden ya waiwaya ya dubi jirgi. A shekara uku bai taɓa barinsa ranar Alhamis ba. Abu Mohannad ya faɗa masa tun ranar farko cewa duk ranar da ya zo ya tarar da jirgi babu kowa, halas, aiki ya ƙare, kuma iƙamarsa a hannun mutumin take. In iƙamar ta tafi, su uku ke nan babu mai takarda. Duk wannan ya ratsa kansa cikin ƙiftawar ido. Ya ja ƙofar ɗakin jirgi ya kulle, ya sauka cikin kwalekwalen.

Daga nan zuwa gadar da ke bakin mashigin tafiyar minti ashirin ce da filafili. Rafi'u yana tuƙi yana haki, ruwa yana cikowa daga teku yana tura su baya. Zaharadden ya durƙusa a gaba, hannu ɗaya riƙe da gefen roba, ɗayan ya ɗaga waya sama iya tsawonsa, ido a kan kusurwar da sandunan sabis suke fitowa. Suka wuce jirage a jere, masu gadinsu suna leƙowa, wasu 'yan Sudan, wasu 'yan Bangaladash, kowane jirgi da irin tasa gorar. Wani ya yi musu kirari cikin wasa, ganin mutum durƙushe da waya a sama.

A hanya Zaharadden yana ta lissafin lokaci, lissafin kuma ba ya fita daidai. Ta sallami mai mota wajen ƙarfe huɗu da kwata. Yanzu biyar ta wuce. Ya tuna abin da likitan ya taɓa gaya masa, cewa ciwon ƙafa da na hannu ana iya lallaɓa su a gida, amma in ya hau ƙirji kada a tsaya ko neman takalmi. Shi ya ji wannan da kunnensa. Rabi'a ba ta nan ranar, tana gida saboda dokarsa, kuma bai tuna ya taɓa maimaita mata ba.

Rafi'u ya ce masa cikin haki kada ya ci kansa, ai ba da gangan ya yi ba, waya ce ta haɗa. Zaharadden ya ce waya ba ta yi magana ba, shi ya yi. Ya ce da ya goge saƙon kafin ya ɗaga, ko da ya ɗaga wayar ba komai a cikinta ya fara jin nasu tukuna. Shekara uku yana wannan aiki bai taɓa kawo haka a ransa ba.

Suna dab da ƙafar gada wayar ta girgiza. Sanda ɗaya, sai biyu. Agogon ya ɓace, maki biyu suka fito masu launin toka. Saƙon ya isa wayarta. Ya zuba ido yana jira su koma shuɗi. Ba su koma ba.

Ya kira. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake kira, haka. Ya haye duwatsun gefen gada da gwiwa da hannu, takalminsa ɗaya ya faɗa ruwa bai waiwaya ba, ya fito kan titi inda sabis ya cika, ya kira sau na uku da na huɗu. Tana shiga, ba a ɗauka.

Sai ya nemo lambar Mastura. Ta ɗauka a bugu na biyu, bayanta ƙarar tukwane da hayaniyar mata. Ko gaisuwa ba ta bari ya gama ba. Ta ce ita tana wurin aikin girkin biki tun ƙarfe huɗu da rabi, ta baro su ne bayan ta yi wa Rabi'a magana har ta gaji.

"Na ce mata, ke Rabi'a, yarinya na mutuwa kina sauraron waya? Ta ce kai ka hana, har sunana ka kira. Wallahi Abu Surayya ban san haka kake ba."

Ya ce ba haka ba ne, ya fara bayanin gora da igiya, ya ga babu lokaci, ya bari. Ya roƙe ta ta tura wani ya duba ɗakin. Ta ce mijinta Othman yana gida, bari ta kira shi.

Minti bakwai ya yi a tsaye a kan gadar. Motoci suna wucewa zuwa bakin teku, cike da iyalai. Rana ta yi ja ta sauka kan ruwa. A ƙasa Rafi'u yana riƙe da dutse don kada ruwa ya ja kwalekwalen. Wayar ta yi ƙara, ya ɗauka da sauri, ashe Abu Mohannad ne, yana tambaya ko an sa ƙanƙara a firji, sun taso. Zaharadden ya ce masa 'yarsa ba ta da lafiya, yana kan gada, ya bar jirgi. Mutumin ya fara wata magana, sai ga kiran Mastura yana shigowa, Zaharadden ya katse kafilinsa a karo na farko a rayuwarsa.

Othman ya je, in ji Mastura. Ɗakin a rufe yake, da kwaɗo ta waje. Ya buga duk da haka, ya kuma kira lambar Rabi'a yana tsaye a ƙofar, ya ji wayar tana ƙara a ciki. Ta fita ta bar ta. Mai shagon ƙasa ya ce ya shiga salla, bai ga fitarsu ba. Mai motar ɗazu kuma ya ce shi tun da aka sallame shi ba a sake kiransa ba, yana ma hanyar Makka da fasinja.

Zaharadden ya jingina da ƙarfen gada. Kwaɗo ta waje. Wato ta fita. Shekara goma sha shida ba ta taɓa saɓa maganarsa ba, yau ga shi yana tsaye yana roƙon Allah ya sa ta saɓa, ya sa kuma ta saɓa da wuri. Amma ta yaya ta sauko da yarinyar daga bene ita kaɗai? Wa ya ɗauke su? Matar da ba ta san sunan titin da asibitin yake ba, don kullum shi ne a gaba.

Ya leƙa ƙasa ya jefa wa Rafi'u mukullin jirgi, ya ce in Abu Mohannad ya iso ya buɗe masa, ya gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Rafi'u ya cafe, ya ciro nasa takalman ya wurgo masa sama ɗaya bayan ɗaya. Sun yi masa yawa, ya sa su haka.

Ya tsallaka ɗaya gefen titin, wanda ke komawa gari, ya fara ɗaga wa motoci hannu. An fara kiran magariba lokacin da wata motar ɗaukar kaya ta tsaya. Direban ya ce da cunkoson Alhamis sai sun yi fiye da awa ɗaya kafin Ammariyya, ya tambaye shi ina daidai zai sauka.

Zaharadden ya dubi titin da ke gabansu. Bai san inda Rabi'a ta kai Surayya ba. Bai san ko asibiti ta nufa ba, ko an karɓe su, ko an tare su a hanya. Bai kuma san ko yarinyar tana numfashi a lokacin da aka sa kwaɗon nan a ƙofa ba.